Amsa: Shekarar kafa ƙaramar majami'ar Presbyterian a karkarar Ballarat

Kin tambaya ko shekarar da aka sassaƙa a jikin dutsen harsashi ita ce shekarar da aka kafa majami'ar. Ba ita ba ce. Shekarar ginin ce kawai, jama'ar masu sujada kuwa galibi sun fara taruwa tun kafin a yi shi. Bayan da aka gano zinariya a Ballarat ta ƙasar Ostiraliya a 1851, mahaƙan da suka zo daga Sikotland sun fara yin sujada ne a cikin tantuna da ɗakunan katako, fasto guda yana zagaya ƙauyuka da dama a kan doki, sai da jama'a suka zauna suka koma noma da kiwo sannan aka tara kuɗin ginin dutse ko na bulo.

Abin da zan ƙara daga binciken da na taɓa yi shi ne ki kula da suna. Kafin haɗewar da ta haifar da Presbyterian Church of Victoria (cocin Kiristocin ɗarikar Presbyterian na Victoria, inda Ballarat take) a 1859, 'yan wannan ɗarika a rarrabe suke, saboda haka wata jama'ar za ki same ta ne a ƙarƙashin sunan Free Church. Ni dai a tsofaffin shafukan jaridar Ballarat Star, waɗanda ke rumbun Trove a intanet, na ci karo da ɗan sanarwar taron shan shayi na neman gudummawa, ita ce ta nuna mini cewa ana taruwa tun kafin a aza tubali. Idan majami'ar ta shiga Uniting Church (haɗakar cocin Methodist, Congregational da Presbyterian a Ostiraliya) a 1977, to, a wurin Uniting Church ɗin za ki fara neman rajistar baftisma.