Saukowa daga Stelvio ta Umbrail a keke: wane birki zan kama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Brescia da ke Italiya, shekara biyu ke nan ina fita da keken tsere duk ƙarshen mako. Abokaina sun tsayar da magana cewa a watan Yuli za mu hau Stelvio, wata hanyar tsauni a arewacin Italiya, daga garin Prato, mu sauko ta Umbrail, wata hanyar tsauni a kan iyakar Suwizalan, mu komo inda muka tashi. Hawan bai dame ni ba, saukowar ce ke hana ni barci. Wani da ya girme mu ya ce kada in kuskura in taɓa birkin gaba, in danne na baya tun daga sama har ƙasa, in riƙa sulalowa a hankali. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba haka ba ne, kuma ina roƙonka kada ka bi wannan shawara ko da na kilomita ɗaya ne.

Zagayen naku bai wuce kilomita 65 ba. Daga Prato zuwa ƙololuwar Stelvio kilomita 24 ne da 'yan kai, da kwanonin hanya 48 masu lamba, ka tashi daga tsayin mita 900 da ɗoriya ka ƙare a mita 2,757. Daga nan sai ka gangara kilomita uku ta ɓangaren garin Bormio, ka karya dama ka bi Umbrail, mai tsayin mita 2,501, ka faɗa ƙasar Suwizalan. Inda maganarka take shi ne kilomita 13 ɗin da ke tsakanin Umbrail da garin Santa Maria: hanya ce siririya, za ka sauko fiye da mita 1,100, kuma kwanonin da suka fi matsewa suna can ƙasa cikin daji, lokacin da hannunka ya riga ya gaji. Sauran tafiyar ta garuruwan Müstair da Glorenza mai sauƙi ce.

Maganar cewa birkin gaba kifar da mutum yake yi ta zama ruwan dare, kowa ya gaje ta daga wanda ya koya masa keke. Tana da asali. A kan yashi ko tsakuwa, idan ka cafke birkin gaba tayar za ta zame ka sha ƙasa. Amma busasshiyar kwalta a gangaren dutse wani abu ne daban. Da zarar ka fara rage gudu, nauyinka da na keken kan koma kan tayar gaba, ta baya kuma ta yi sakayau. Tayar da ba nauyi a kanta ba ta kama ƙasa. Kana ƙara matsa birkin baya sai ta kulle, ta fara jan ƙasa, bayan keken ya wutsiya gefe, kai kuma gudunka bai ragu da komai ba, ga bangon kwana yana matsowa. Mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake. Wanda ya hana ka shi ya karɓe maka abin da zai tsayar da kai.

Rabin shawarar na biyu, wato dannewa ba saki, ya fi na farkon muni, domin illarsa ba ta bayyana sai can ƙasa. Birki gudu yake mayarwa zafi. Mutum mai kilo 80 a kan keke mai kilo 10, idan ya sauko mita 1,100, zafin da za a zubar ya isa ya tafasa ruwa kusan lita uku. Mai tafiya da ɗan gudu iska ce ke kwashe masa kaso mai yawa. Mai sulalowa a hankali kuwa kusan duka a birki yake jibge shi, in kuma na baya kaɗai yake kamawa, to a wuri ɗaya, ba hutun da ƙarfen zai huce.

Idan birkinka na roba ne mai kama rim, wato da'irar da taya ke zaune a kai, rim ɗin ne zai ɗauki zafin, iskar da ke cikin tiyub ta kumbura, tiyub ɗin ya fashe ko tayar ta fita daga bakinta. Rim na kabon ya fi na alminiyam wannan matsala, har lauyewa yake yi. Idan birkinka mai faifan ƙarfe ne a tsakiyar ƙafar keke, takalmin birkin zai ƙone ya yi santsi, ka ji ƙauri da ƙara, kana matsawa ba ya ci. In zafin ya kai ga man birki ya tafasa, hannun birkin zai lotse har jikin kan keke ba tare da ya kama komai ba. Abin takaici shi ne masu yaɗa wannan magana a zaurukan WhatsApp suna yin ta ne da sunan tausayi, alhali mafi yawansu ba su taɓa sauko gangaren da ya wuce minti biyu ba. Ran mutum ba abin gwajin jita-jita ba ne. Wanda bai sani ba ya yi shiru, ya fi masa lada.

Ga yadda ake yi. Hannuwanka su koma ƙasan lanƙwasar kan keke, yatsa ɗaya ko biyu a kan kowane birki. A miƙaƙƙiyar hanya ka saki gaba ɗaya, ka ɗaga ƙirji iska ta tare ka. Kafin kwana, tun keken yana miƙe, ka ja ɗuwawunka baya a kan sirdi, ka tokare da hannuwa, ka matsa birki biyun tare: a fara da laushi, a ƙara ƙarfi, na gaba ya fi cin aiki. Daƙiƙa uku ko huɗu na matsa mai ƙarfi sun fi minti guda na goga. Ka gama rage gudu kafin ka kwantar da keken, fedar waje tana ƙasa ka taka ta, idonka a mafitar kwana. Kada ka tsallake tsakiyar hanya, domin babura da motocin bas suna hawowa. In ka ji ƙauri ko birki ya canza a hannunka, ka tsaya a gefe minti biyar. Kada ka taɓa faifan da yatsa, yana ƙuna.

Mako guda kafin tafiya ka kai keken wurin mai gyara. Takalmin birkin da bai kai kaurin milimita ɗaya ba a canza shi, sabon kuma a murje shi da tsayawa goma zuwa ashirin kafin ranar. Faifan kamfanin Shimano idan kaurinsa ya ragu zuwa milimita 1.5 ya gama aiki, adadin yana rubuce a jikinsa. Mai nauyin jiki ya sa faifai mai faɗin milimita 160 gaba da baya. Idan keken haya ne, ka tabbatar wane hannu ne na gaba. A Italiya galibi na hagu ne, a Ingila na dama.

Sanyi ma maganar birki ce. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafin gari kan ragu da kimanin digiri shida, ga gumi a jikinka, ga iska. Yatsun da suka sandare ba sa auna matsa. Ka zuba doguwar safar hannu da rigar tare iska a aljihu, ka sa su kafin ka fara saukowa, ka ci dabino ko burodi a sama. Ku tashi daga Prato da sassafe domin hadari kan haɗu da rana tsaka a tsaunukan nan, a jiƙaƙƙiyar kwalta kuwa nisan tsayawa kan ƙaru sosai. Fasfo da takardar zamanka su kasance tare da kai, tunda za ka tsallaka iyaka sau biyu.

Kafin Yuli, ka hau Monte Maddalena da ke bayan garinku sau uku ko huɗu, ka sauko kana gwada wannan matsa-da-saki a kowace kwana har hannunka ya saba.