Ina son shiga kiwon shanun madara, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Kura a jihar Kano. Na gama hidimar ƙasa, kuma mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona hekta biyu a bayan gari. Na tara ɗan jari, ina son in sayi shanun Turawa huɗu in fara sayar da madara. Mene ne ainihin aikin mai wannan kiwo, me ya kamata in iya, kuma ina sana'ar take kai mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa albarka a abin da ya bari.

Ɗan'uwa, kuɗin nan ka bar su inda suke tukuna. A wannan sana'a saniya ce abin da ake saya daga ƙarshe. Kafin ta akwai abinci, akwai ruwa, akwai wanda zai karɓi madarar kullum, akwai kuma hannunka da ya saba da aikin. Yawancin garken da ya watse, ba cuta ce ta fara kayar da shi ba, watan Maris ne ya zo ya tarar rumbu babu komai.

Aikin daga asuba yake farawa. Ana tatsa sau biyu, safe da yamma, a lokaci guda kullum, babu ranar Juma'a babu ranar Sallah. Kafin ka taɓa saniya ka wanke hannu, ka wanke hantsarta da ruwan ɗumi, ka tsane da ƙyalle mai tsabta, kowace saniya da nata ƙyallen. Tsartuwar farko daga kowane kan nono ka tatso ta a kan baƙin faranti ka duba. In ka ga gudaji, ko ruwa-ruwa, ko alamar jini, ciwon hantsa ya shiga, sai a ware wannan saniya a tatse ta a ƙarshe. In an gama tatsa a tsoma kawunan nonon cikin maganin aidin, a zuba mata abinci domin ta tsaya kamar rabin awa ba ta kwanta ba, saboda ƙofar nonon ba ta rufewa nan take, kwanciya a kan kashi kuwa a lokacin ita ke shigar da ƙwayar cuta. Wannan ɗan aikin na minti biyu shi ne bambancin saniyar da za ta yi maka haihuwa shida da wadda nono ɗaya zai mutu a haihuwa ta biyu.

Madara kuma ba ta jira. A zafin ƙasarmu, in ta wuce awa biyu zuwa uku ba a sanyaya ta ba, ba a kuma dafa ba, ta fara juyawa. Cibiyoyin tara madara suna sauke sanyinta zuwa digiri 4, kuma kafin su karɓa suna auna ko an sirka da ruwa. Saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ba a sayar da madararta sai kwanakin da aka rubuta jikin kwalbar sun cika. Haƙƙin mai sha ne, kuma ko kindirmo ka so yi da ita ba zai kama yadda ya kamata ba.

Sai abinci, wanda nan ne zan fi daɗewa, domin shi ke cin fiye da rabin kuɗin da za ka kashe. Saniya mai nauyin kilo 400 tana cin busasshen abinci kusan kilo 12 a rana. In ɗanyar ciyawa ce, nauyin ya ninka sau uku ko huɗu. Ruwa kuwa, mai shayarwa tana shan lita 60 zuwa 100 a ranar zafi, tunda madarar kanta kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Ka lissafa wannan sau huɗu, sau watanni bakwai na rani, sannan ka tambayi kanka ko rijiyarka da rumbunka za su ɗauka. Bayan ciyawa akwai abin ƙari: dusar masara, dusar alkama, ƙuli ko tunkuza, dusar angurya, gishiri da kanwa. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne kilo ɗaya na wannan haɗin ga kowace lita biyu zuwa biyu da rabi da saniya ke bayarwa.

Kai ka yi sa'ar wuri. Kura tana cikin yankin noman rani na Kadawa da ke shan ruwa daga madatsar Tiga, don haka in gonarku tana kusa da ruwa za ka iya shuka ciyawar giwa ka riƙa yanka duk bayan mako shida zuwa takwas, har cikin bazara. Da damina ka shuka masara, ka sare ta da ganyenta tun ƙwayar tana da taushi, ka daddatsa, ka danne a rami sosai har iska ta fita, ka rufe da leda ka bi da ƙasa. Bayan mako uku ta zama sailej, in ba a buɗe ba kuma tana kaiwa shekara. Ka haɗa da harawar wake da ta gyaɗa. Amma tattakar shinkafar da ta cika yankinku kada ta ruɗe ka, cika ciki take yi kawai, ba ta kawo nono. Dusar shinkafa ma ka damƙa a hannu ka duba kafin ka biya, domin da yawa an cuɗa ta da ɓuntu.

Batun shanun Turawa zalla, ban ba ka shawara ba. Irin Firishiyan na ƙasar sanyi ne, tun daga digiri 25 zafi ke fara damun su, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Sai ka ga saniya tana haki, ta rage ci, nono ya ja baya, ciki kuma ya ƙi shiga. Manyan gonaki suna riƙe su da fanka da feshin ruwa da janareta. Mai farawa ya nemi ruwa-biyu, wato rabin Firishiyan rabin Bunaji ko Bokoloji. Bunajin da ke yawon kiwo lita ɗaya zuwa biyu ake samu a jikinta a rana, ruwa-biyun da ta ƙoshi kuwa tana ba da takwas zuwa goma sha biyu. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kan wannan haɗin. A Nijar kuma Azawak ce saniyar nono, tana jure zafi, tashar kiwo ta Tukunus ta shahara a kanta. Duk wadda za ka saya, kada ka tsaya ga maganar dillali a kara. Ka je inda take, in tana shayarwa a tatse ta a gabanka safe da yamma kwana biyu a jere, likitan dabbobi kuma ya gwada ta bakkale, wato ciwon da ke sa ɓari, da tarin fuka, domin dukansu suna kama mutum ta hanyar ɗanyar madara.

Ƙwarewar da ta fi wuyar samu ita ce ido. Saniya tana neman barbara duk bayan kwana 21, kuma alamar ba ta kai yini guda ba: kuka, rashin natsuwa, yauƙi mai haske a gindin wutsiya, da tsayawa cak in wata ta hau ta. In ka gani da safe, a yi mata allurar barbara, wato a saka mata maniyyin bijimi, da yamma. In ya wuce ka, ka yi asarar mako uku kana ciyarwa. Ciki wata tara ne da 'yan kwanaki, burin kuma shi ne maraƙi ɗaya kowace shekara ko kusa da haka. Wata biyu kafin haihuwa a daina tatsa. In ta haihu, dakashi ya shiga cikin maraƙin a awannin farko, kada a zubar, shi ne rigakafinsa. Duk wannan sai da littafi: ranar barbara, ranar haihuwa, litar kowace saniya, allura da kuɗinta. Rigakafin ciwon huhu da harbin daji da boru, wato ciwon baki da kofato, a yi su kan kari, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos tana sarrafa irin waɗannan allurai. Kaska da tsutsar ciki da sammore kuma aikin kullum ne.

Hanyar shiga, tunda kana da digiri ba sai ka koma aji na shekaru ba. Mai son takarda akwai Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta, da ta Mando a Kaduna, da kwalejin lafiyar dabbobi ta tarayya a Vom. Kai abin da kake bukata shi ne ka shiga gonar wani a matsayin ma'aikaci, wata shida zuwa shekara, ka kwashe kashi, ka tatsa, ka kwana a kan saniya mai naƙuda. Ka kuma riƙa zama da dattawan ruga, suna gane saniya marar lafiya daga tafiyarta tun kafin ta daina ci. Daga mai tatsa ake zama mai kula da garke, daga nan manajan gona. Wasu kuma sukan kauce gefe su fi mai shanun samu: mai allurar barbara, mai noman ciyawa yana sayarwa, mai bin rugage da babur yana tara madara, mai sarrafa yogot. In tarawar ka zaɓa, ka sani a ruga nono na mata ne, da su za ka yi ciniki, kuma biya kan lokaci shi ke riƙe su.

Kasuwa akwai ta. Mafi yawan madarar da ake sarrafawa a Najeriya madarar gari ce da ake shigowa da ita daga waje, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta. Akwai kamfanin madara na L&Z a Kano, akwai gonar kamfanin madara na Arla da aka buɗe a Damau ta jihar Kaduna a 2023. Sai dai farashi yana faɗuwa da damina lokacin da nono ya wadata, ya tashi da rani, don haka mai sailej a rami shi ke cin kasuwar. Ka yi magana da mai saye tun yanzu, ko kamfani ne ko masu fura da nono uku a cikin gari, ku daidaita farashi da lokacin kawowa.

Daminar bana ka shuka masara da ciyawa, ka cika rami, kana koyon aiki a gonar wani. In kaka ta yi, ka sayi karsana biyu masu ciki maimakon huɗu, kuɗin sauran biyun ka riƙe su domin dusa da magani da gyaran rijiya. Rumfarsu ta zama mai tsawo, iska na ratsawa, kusa da inda mutum yake kwana saboda ɓarayi, takinsu kuma ka mayar da shi gonar ciyawar.