Gashin da aka rina baƙi zai iya komawa ja a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kusan shekara 2 ke nan ina rina gashina baƙi da rinin kwali da nake saya a kanti, saboda furfura ta fara fito mini a goshi, kuma rabona da rini wata 2. Yanzu baƙin ya gundure ni, ina son ja mai duhu irin launin zoɓo, har na sayo kwalin jan rini. Ina kuma shafa rilaksa, na ƙarshe mako 3 da suka wuce. Idan na shafa jan a gida zai kama, ko sai na fara da bilicin?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Idan kika shafa wannan jan a kan gashinki yadda yake a yau, zai kama gindin gashin ne kawai, sauran kuma ya zauna baƙi wuluk kamar ba a taɓa shi ba. Dalili shi ne sabon rini ba ya dusashe tsohon rinin da ke kan gashi, kuma wannan sananniyar ƙa'ida ce a wajen masu gyaran gashi.

Rinin kwali mai ɗorewa yana zuwa da abubuwa biyu da ake haɗawa, wato man launin da ruwan ferokside. Sinadarin amoniya, ko makamancinsa, yana buɗe ɓawon silin gashi, ƙananan ƙwayoyin launi su shiga ciki, sannan ferokside ya sa su harhaɗu su zama manya, ta yadda ba za su iya fitowa ta hanyar da suka shiga ba. Ferokside ɗin da ke cikin jan da kika sayo yana iya dusashe launin da Allah ya halicci gashi da shi, amma ba shi da ƙarfin fasa waɗancan ƙwayoyi na baƙin rini. Ke kuwa kin yi shekara 2 kina ɗora baƙi a kan baƙi, saboda haka jelar gashinki ta sha rinin sau da yawa, ita ce kuma za ta fi taurin kai.

Gashi yana tsiro kimanin santimita 1 a wata, ke nan kina da wajen santimita 2 na sabon tsiro wanda rini bai taɓa ba. Shi ne zai karɓi jan, kuma ɗumin fatar kai zai ƙara masa haske. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da ta yi irin wannan aikin ana saura kwana 3 bikin ƙanwarta. Da ta cire ɗankwali, tsagar kanta ja ce zur kamar garwashi, furfurar goshinta ta koma ruwan hoda, daga nan zuwa ƙasa kuma baƙi ne ƙirin. Gyaran ya ɗauke mu lokacin da ya wuce bikin.

Kafin komai, akwai tambayar da ke kaɗai za ki iya amsawa: shin duk baƙin da kika shafa rinin kwali ne, ko akwai lokacin da kika sa lalle ko baƙin lalle? Lalle na gaskiya yana manne wa gashi ta wata hanya daban, kuma maganin cire rini ba ya fitar da shi. Wanda aka haɗa da baba domin ya yi baƙi yakan koma kore idan bilicin ya same shi, wasu haɗe-haɗen kuma suna ɗauke da gishirin ƙarfe wanda idan ya gamu da ferokside sai gashi ya ɗau zafi ya guntule. Idan akwai irin wannan tarihin, kada ki yi aikin a gida.

Idan rinin kwali ne zalla, hanyar da nake ba da shawara ita ce maganin cire rini wanda ba shi da bilicin a cikinsa, kuma ki karanta kwalin da kyau domin wasu bilicin ne aka sauya wa suna. Na gaskiyar yana ƙanƙanta ƙwayoyin rinin ne har ruwa ya iya fitar da su, kuma za ki gane shi da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Sirrinsa yana wajen ɗauraya. Ki wanke da ruwan ɗumi da sabulun gashi na tsawon lokacin da aka rubuta, wanda yakan kai minti 15 zuwa 20, domin duk abin da ya rage a ciki zai sake yin duhu da zarar sabon rini ya hau. Kada ki firgita idan gashin ya fito launin ƙasa-ƙasa mai tsatsa, shi ne shimfiɗar da jan zoɓo ke buƙata. Baƙin shekara 2 yakan nemi a maimaita sau 2, da tazarar mako guda a tsakani.

Batun bilicin kuwa, a ganina ki cire shi daga lissafi. Rilaksa ta riga ta karya wani ɓangare na haɗin da ke riƙe da ƙarfin silin gashi, bilicin kuma zai ci abin da ya saura, sai ki ga gashi yana miƙewa kamar cingam idan ya jiƙe, yana bin matsefi. Ja mai duhu ma ba ya buƙatar haske sosai. Masu sana'ar suna auna hasken gashi daga mataki na 1, wato baƙi, zuwa na 10, kuma launin zoɓo yana zama a mataki na 4 zuwa 5. Ja mai walƙiya ne ke neman 6 ko 7, shi kuma aikin shagon gyaran gashi ne, a hankali cikin watanni.

Bayan cire baƙin, ki huta wa gashin mako guda kina ba shi mai da abin laushi, sannan ki yi gwaji biyu. Na farko na fata ne: ki shafa ɗan rinin a bayan kunne ki jira awa 48, domin yawancin rini mai duhu yana da sinadarin PPD ko danginsa, wanda shi ne ke kumbura wa wasu hannu bayan ƙunshin baƙin lalle. Wadda hakan ta taɓa faruwa da ita kada ta kusanci wannan rinin sai da izinin likita. Na biyu shi ne ki ware 'yan silalla a ƙeya ki rina su, ki busar, ki duba launin a hasken rana, ki kuma ja su ki ji ƙarfinsu.

Ranar rinin, ki sa safar hannu, ki shafa basilin a goshi da kunnuwa, ki zauna inda iska ke shiga. Ferokside mai lamba 20, wato kashi 6 cikin 100, ya isa, kada ki yarda da 30 ko 40 a kan gashin da ya sha rilaksa. Ki fara da tsakiyar gashin zuwa jela, ki bar santimita 2 na gindin sai daga baya. Saboda furfurar goshin, ki haɗa jan da ɗan rini ruwan ƙasa na kamfani ɗaya kuma mataki ɗaya, domin ja zalla a kan farin gashi yana fitowa da haske fiye da kima.

Ja yana cikin launukan da suka fi saurin koɗewa. Ki riƙa wankewa da ruwan sanyi, ki rage yawan wankin, ki ɗaga kitso mai tsauri zuwa mako 2, rilaksa ta gaba kuma ta tsaya a kan sabon tsiro kawai, bayan aƙalla mako 2 da rinin. A kwanakin farko zai riƙa zuba, don haka ki ajiye farin mayafi gefe, ki kuma shimfiɗa tsohon tawul a kan matashin kai.