Ƙanina na jin muryoyi, zikiri zai iya taimaka masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ƙanina ne likita ya ce yana da ciwon sikizofireniya, ciwon ƙwaƙwalwar nan da kan sa mutum jin muryoyin da babu su, an ɗora shi kan magani kuma alhamdulillahi surutan sun ragu, amma har yanzu wanka sai an yi ta fama, ya wuni a ɗaki ba ya kula kowa. Wani ya ce mu ajiye ƙwayoyin mu sa shi wuridi mai yawa da tsayuwar dare. Dan Allah ya kike gani?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma Allah ya biya ki wannan ɗawainiya. Maganar ajiye magani kam a'a, kar ma ku soma. Ko risperidone ne ko olanzapine ko allurar nan ta wata-wata, in aka yanke ba da sanin likita ba ciwon yakan dawo, kuma Annabi (SAW) da kansa ya ce mu nemi magani.

Ƙin wankan nan da zaman ɗaki ba lalaci ba ne wallahi, cikin ciwon yake, magani ya fi saurin kwantar da muryoyin a kan ya dawo wa mutum da kuzari. Kuma ba ku kaɗai ba ne, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 24 ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, wajen 1 cikin 300 kenan.

Toh a nan ne nake ganin zikiri ke da amfani, amma kaɗan-kaɗan. Mai wannan lalura yininsa a hargitse yake, salloli biyar kuwa sun riga sun yanka yini gida-gida, sai ku rataya wa kowace salla aiki guda, bayan Asuba wanka, bayan La'asar ku ɗan taka tare, magani kuma a haɗa shi da sallar da ta dace da lokacin da likita ya sa. In zai yi alwala ki ce ya bi a hankali ya ji sanyin ruwan a tafin hannunsa, a fuskarsa, har tsakanin yatsun ƙafa. In ya sallame ya ja tasbihi 33 ido a buɗe, carbi a hannu, yana furtawa yadda kunnensa zai ji, minti biyar ya isa. In muryar ta taso ba sai ya tsaya musu da ita ba, ya mai da hankalinsa kan ƙwayar carbin da ke hannunsa ya ci gaba. Ranar da ya kasa kar a yi masa faɗa, ai hadisi ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

Abin da nake tsoro shi ne doguwar halwa shi kaɗai da raba dare ba barci, rashin barci na tayar da ciwon nan sosai. Wasu kuma muryoyin kan zagi addini su shiga damuwa suna ganin sun yi saɓo, ki kwantar masa da hankali, ba shi ya kira su ba, ciwo ne.

In kika ji ya fara cewa ana masa wahayi, ko muryar na umartarsa ya cutar da kansa ko wani, a ranar ku kai shi asibiti. In kuma maganin na sa shi yawan barci ko rawar hannu, ku faɗa wa likita, ana iya rage shi ko a canza wani.