MySQL ta ƙi karɓar ajiyata saboda ranar sifili

Ɗan'uwa, ka ce ka kwafi rumbun bayananka daga manhajar ajiye bayanai ta MySQL 5.5, da ka zo maido shi a 5.7 sai kuskure mai lamba 1067 ya tsayar da kai a kan ginshiƙin TIMESTAMP, wato mai ajiye rana da lokaci. Kwantar da hankalinka, bayananka suna nan lafiya.

A 5.5, ginshiƙin TIMESTAMP ɗaya kaɗai ke iya ɗaukar CURRENT_TIMESTAMP, wato sa lokacin yanzu da kansa, a kowane teburi. Na biyun, idan ba ka ba shi komai ba, '0000-00-00 00:00:00' ake liƙa masa. Ita kuwa 5.7 ta zo da ƙa'idar NO_ZERO_DATE a kunne, ba ta yarda da wannan rana.

Buɗe fayil ɗin da ka kwafa, ka sa SET sql_mode=''; a layin farko don kashe wannan ƙa'ida, ka maido. Daga nan ka ba ginshiƙi na biyun damar ɗaukar NULL (wato babu komai), ka mayar da sifilan NULL.

A nan nake roƙonka ka yi hattara. Ginshiƙin farkon nan yakan zo da ON UPDATE CURRENT_TIMESTAMP, don haka duk layin da ka taɓa, ranarsa ta asali za ta koma ta yau. Na taɓa rasa ranakun rajistar ɗalibai ta haka, har yanzu abin na yi mini ciwo. A cikin umarnin UPDATE da za ka mayar da sifilan NULL da shi, ƙara created=created, ko duk sunan da ka ba ginshiƙin farkon, don ranarsa ta tsaya yadda take.