Gumbar Yaya da ƙwaryar da aka aiko miki

Kishiyata, saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta wannan ina faɗa. Kin tambayi dalilin da ya sa muka daka gumba ranar bakwai ɗin rasuwar kakarki, Yayata, alhali malaminku na Islamiyya ya hana, sannan kin yi ƙorafi wai ke tsohuwar ƙwarya da faifai kaɗai aka aiko miki.

Maganar gumba ba ta da tsawo. Mun tashi mun tarar ana sadakar uku, da bakwai, da arba'in: a jiƙa gero a daka, a sa zuma ko sukari, a toya waina, a raba wa maƙwabta da almajirai, a yi wa mamaci addu'a. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 ake ja-in-ja a kan ƙayyade ranakun. Malaminku yana da hujja, domin lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a dafa wa iyalansa abinci, bai ce su su dafa wa mutane ba. Shi ya sa ba mu taɓa ko kwabo daga dukiyar magada ba. Gerona ne, ni na auno. Matar da ta shekara hamsin tana daka wa mamatan unguwa gumba, ban iya zama hannu rabbana a ranar tata ba. In na yi kuskure, Allah ya yafe mini.

Ƙwaryar nan kuwa, ki zauna in gaya miki.

Lokacin da aka kai Yaya ɗakinta a birnin Zariya, jeren amarya ƙore ne da faya-fayai da tasoshi, samira ba ta cika gari ba tukuna. Wasu saye suke yi. Ita da kanta take sa wuƙa a wuta, in ta yi ja ta bi bayan ƙwarya tana zane, hayaƙi na shiga idonta, ba ta ko ɗaga kai. Kabar faifai ma ita ke rinawa. Mahaifinmu har faɗa yake wai ta mayar da madafa maƙera.

Abin da ku 'yan yanzu ba ku sani ba, itace ɗaya ke ba ta kayan miya da kayan ado. Ɗorawa. Kalwar ciki ta dafa ta wuni guda, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a kwando da ganye kwana uku, sai ga daddawa. Ɓawon kuma ba ta zubarwa, jiƙa shi take ya zama makuba. Ranar daɓe mata su taru da madaɓai suna bugu suna waƙa, a yayyafa makuba, ƙasan ɗaki ya yi duhu yana ƙyalli. Ban taɓa ganin wadda ta kai ta iya wannan ba, kuma ba don 'yar'uwata ce ba. Da aka sa hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan, a bayan naira ashirin, Yaya ta daɗe tana juya takardar, ta ce ashe dai gwamnati ta san aikin hannun mace. Miyar kukarta kuwa, ko da ta tsufa ba ta yarda a yi mata a tukunyar ƙarfe, sai ta ƙasa.

Kayan ɗaki na mace ne, miji ba shi da iko da su, in ta rasu gado ne kamar gona. Ke jika ce, 'ya'yanta suna raye, ba ki da kaso. Mahaifiyarki ce ta bar wa 'yan'uwanta samiru da fanteka, ta zaɓi ƙwaryar nan don ke, ganin yadda kike ɓata bangon gida da gawayi tun kina ƙarama. Ki duba gefenta, akwai ɗinki. Fashewa ta yi shekarar da aka haifi mahaifiyarki, Yaya ta ɗinke abarta.

Kada ki bar ruwa ya kwana a ciki, kada ki ajiye ta a rana. In kin zo hutun Babbar Sallah ki taho da ita mu dama fura. Kalwa ma na ajiye mudu biyu mu yi daddawa, amma ki sani warin zai bi miki kaya har makaranta.

Ki gaishe da mutanen gidan.