Ga mai gini a Daura da magininsa ya daina ɗaga waya

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce gininka na Daura ya kai linta, maginin ya daina ɗaga waya, shi yana cewa kai ka yi ta canza tsarin ɗakuna, kai kuma kana ganin ya cinye maka kuɗi, shin ka sallame shi ka nemo wani? Wallahi ina karantawa raina ya ɓaci sabo, don abin da aka yi mani ke nan a nan Katsina, wajen Dandagoro. Kada ka sallame shi tukuna. Ka fara nemo mutum na uku wanda ya san gini, wanda ba ya cin komai a jikin kayan aikin, ya zaunar da ku.

Ni jinga na bayar tun daga fandisho har rufi, kuɗi dunƙule, babu takarda, saboda surukina ne ya kawo mutumin. Sai ga tashin siminti na farkon 2024, buhun da muke saye dubu biyar da wani abu ya haura ₦10,000. Ko da gwamnati ta zauna da su Dangote da BUA a watan Fabrairu aka ce a sayar tsakanin ₦7,000 da ₦8,000, mu dai a shago ba haka muka gani nan take ba. Da bawan Allahn nan ya zo ya ce Alhaji lissafi ya rushe, a sake zama, wa zai ƙi? Bai ce komai ba. Sai ya koma yana tsawaita siminti. Bulo inci tara da masu tsoron Allah ke fitar da talatin da 'yan kai a buhu, shi ya fi hamsin yake bugawa. Ruwan farko na damina katangar baya ta tsage. Na sa babban yatsa a gefen bulo na murza, ya zube kamar garin kwaki. Na yi mishi magana, a gaban leburori ya dube ni ya ce, "Alhaji, iya kuɗinka iya shagalinka." Ni! Da na ciyo bashin kofaretib na ba shi!

Wannan ma da sauƙi. Ranar wata Juma'a ina fitowa masallaci na tarar da leburori a ƙofar gidan da nake haya, wai sun zo karɓar haƙƙinsu. Kuɗin da na riga na ba maginin tun tuni. Maƙwabta na kallo, mai gidan haya na kallo, yarana na leƙe ta zaure. Wani dattijo cikinsu ya ce, "Alhaji ka ji tsoron Allah, guminmu ne." Na kasa cewa uffan. Agogona da wayata na jinginar ranar na sallame su. Daga baya mai gadi ya gaya mani da dare ake ɗora simintina a kura a kai wani aikin da maginin yake yi. Har yau in na tuna sai na ji zuciyata na tafasa, kuma surukin nawa bai taɓa ce mani ko sannu ba.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne da muke sahu ɗaya, tsohon malamin gini da ya yi ritaya. Ya ce in kira maginin mu haɗu a filin. Ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya, ya fito da littafi, ya ce shi bai zo shari'a ba. Ya bi ginin da mu ɗaki ɗaki, ya auna abin da aka yi, ya yi mishi kuɗi, aka cire daga abin da na bayar. Nan kowa ya ga inda aka tsaya. Sannan ya raba sauran aikin mataki mataki, kowane da kuɗinsa, ba a biyan na gaba sai ya zo ya duba na baya. Kaya ni zan saya, magini kuɗin hannu kawai. Leburori a biya su a gabana. Ni ya koya mani tambaya: rodi mai lamba nawa za a sa a ginshiƙi, 12 ko 16? Kwabin kankare ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa ake yi ko da ido ake zubawa? Wa ke ban ruwa, kwana bakwai ɗin nan na farko, balle da hunturu da komai ke bushewa nan da nan? Shi kuma maginin, dattijon ya koya mishi buɗe baki. Ya ce, "In Alhaji ya ce a matsar da ƙofa, kada ka ce to. Ka ce zai ci bulo kaza, siminti kaza, yini kaza, a rubuta, ya sa hannu." Mutanenmu "to Alhaji" ke kashe su, sai su rama a cikin kwaɓi.

Maganar canjin da ya ce ka yi, ka duba ta da gaske. Matsar da taga bayan an zuba linta fasa kankare ne da sabon rodi da katako, kuɗi ne. Kuma don Allah ka kai iyalinka filin yanzu, su nuna inda suke son kicin da sito, kafin a ɗora kwano.

Sabon magini kuwa, abu na farko da zai yi shi ne kushe duk abin da ya tarar, ya ce a rushe. Kuma magina sun san juna, balle a Daura. Mai mutunci ba zai hau aikin da ake rigimar kuɗi a kansa ba. Ni da mutumin nan muka kai rufi a ƙarƙashin idon dattijon, ya sake katangar baya da kuɗinsa, sannan muka rabu.

Kuma ka daina tura kuɗi ta hannun ƙane ko ɗan ɗaki ka ce shi ke duba maka. Yaro bai san rodi ba, kuma ba zai iya yi wa sa'an babansa tsawa ba. In ba ka da irin dattijon nan, ka nemi magini mai rajista da CORBON, hukumar rajistar magina ta ƙasa, ko injiniya mai rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ka biya shi kuɗin dubawa, ko na buhun siminti biyu ne. Amma kada ya zama shi ke sayo kaya.

Tunda ba ya ɗaga wayarka, ka bi ta wanda ya haɗa ku ko limamin unguwarsu, kada ka fara da 'yan sanda. Ka gaya mana, jinga kuka yi ko kuɗin yini, kuma wa ke sayen siminti? Ko ma mene ne, kada a shafa filasta sai wani ya zo ya murza bulon nan da hannunsa.